Kafin Ka Danna "Tura": Jagorar Tsare Sirri a WhatsApp, Facebook da TikTok

Idan aka bi diddigin yadda ake ƙwace wa mutane WhatsApp, ko yadda hoton da aka ɗauka a ɗaka ke wayar gari yana yawo a unguwa, ba kasafai ake tarar da wani gwanin kutse a bayan lamarin ba. Galibi mai wayar ne ya karanta wa baƙo lambobi shida da bakinsa, ko ya miƙa wa mai gyara waya a buɗe, ko ya tura abu ga wanda ya amince da shi, shi kuma ya tura gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin tsare sirri kashi biyu ne. Akwai na saiti, wanda za a zauna a gama cikin kamar awa guda. Akwai kuma na ɗabi'a, wanda ake maimaitawa kullum kafin yatsa ya sauka a kan allo. An bar sunayen maɓallai yadda suke a rubuce a waya don a gane su, ko da yake wurin da suke yakan ɗan sauya daga wannan waya zuwa waccan.

Fara daga layi

Lambar wayarka ita ce uwar makullai. Da ita ka buɗe WhatsApp, ita Facebook ke tura wa lambar farfaɗo da shafi, ita banki ke aika wa alat, kuma tun Disambar 2020 da gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin haɗa layuka da NIN, tana ɗaure da sunanka na ainihi. Shi ya sa ɓarawon waya a yau yakan fi ɗokin sim a kan ita kanta wayar. Zare shi zai yi, ya sa a ƙaramar waya mai maɓalli, ya shiga gwada lambobin bankuna. Makullin da ka sa wa allon babbar wayarka bai shafi wannan ba ko kaɗan.

Maganinsa shi ne sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Amma kafin ka taɓa komai, nemo faffaɗan katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa, domin a kansa aka buga lambar PUK mai lambobi 8. Idan katin ya ɓata, kira kamfanin layin ko ka je ofishinsu su ba ka PUK ɗin tare da PIN na asali da layin ya zo da shi. Sannan ka shiga Settings, ka rubuta "SIM lock" a wurin bincike, ka kunna, ka sa PIN na asali, ka canza shi zuwa naka. Kada ka yi canki-canka. Kuskure uku ya rufe sim sai da PUK, kuskuren PUK sau goma kuma ya kashe sim ɗin har abada, sai dai a sake yanko wani. Da zarar ka gama, duk wayar da aka sa layin a ciki za ta tsaya tana neman PIN.

Makullin allo kuwa, lambobi shida sun fi zanen da ake ja da yatsa. Zane yana barin sawun maiƙo a kan gilashi, kuma na kusa da kai a cikin adaidaita yana haddace shi da kallo ɗaya. Ka guji shekarar haihuwa da ƙarshen lambar wayarka. Daga nan ka je Notifications, ka nemi saitin allon kulle, ka zaɓi ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa. Dalili: lambar sirrin da WhatsApp ko banki ke turowa tana bayyana a saman allo ko waya tana kulle, kuma wayar da aka bari a shagon caji na awa uku tana hannun mutanen da ba ka sani ba. Idan dole ne a bar ta a can, a kashe ta tukuna.

Abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya, imel. Mutane da yawa wanda ya sayar musu da waya ne ya buɗe musu Gmail, shi ya zaɓi kalmar sirri, su ba su ma san ta ba. Canza ta yau, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, domin ta imel ake farfaɗo da sauran shafuka. Na biyu, tsohon layi. Layin da aka daina amfani da shi na tsawon watanni, kamfani yana sake sayar da lambar ga wani. Kafin ka jefar da layi, cire shi daga banki da Facebook, ka kuma yi amfani da Change number a WhatsApp. In ba haka ba, sabon mai lambar zai riƙa karɓar alat ɗinka, kuma yana iya buɗe shafinka.

Ka danna *#06# ka kwafi lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai lambobi 15 a takarda, ka ajiye a gida. Ranar da aka sace waya ita za a tambaye ka.

WhatsApp, inda aka fi yin ɓarna

Damfarar da ta fi cin mutane a nan tana da sauƙi ƙwarai. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunan wani guruf da kake ciki, na tsofaffin ɗalibai ko na masallaci ko na 'yan kasuwa, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa don a sa sunanka. Abin da ya faru a zahiri shi ne ya sa lambarka a WhatsApp ɗin wayarsa, kamfanin kuma ya turo maka lambar rajista mai lambobi shida. Kana karanta masa, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa. Daga nan sai ya bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka: "Don Allah tura min dubu ashirin, manhajar bankina ta ƙi buɗewa, zan mayar da safe." Ya kuma kwashi lambobin sauran 'yan guruf ɗin ya ci gaba da kira. Babu taro, babu tallafi, babu ma'aikacin kamfani da ke buƙatar wannan lamba. Kai kaɗai za ka rubuta ta, a cikin wayarka.

Katangar da ke tare wannan ita ce PIN na biyu:

1. Shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka kunna.
2. Zaɓi lambobi shida da ba su ne na buɗe allo ba, ba kuma na katin ATM ba.
3. Sa adireshin imel da kake iya buɗewa. Kada ka tsallake wannan. Wanda ya manta PIN kuma bai sa imel ba sai ya jira kwana 7.

WhatsApp zai riƙa tambayar ka PIN ɗin jefi-jefi don kada ka manta. Abin yana da ɗan gundura, amma a bar shi.

Sai Linked devices. Ana iya haɗa WhatsApp ɗaya da na'urori har huɗu, kuma haɗawar ba ta wuce minti ɗaya ba ga wanda ya karɓi wayarka "zai yi kira". Daga ranar yana karanta duk saƙonninka a kwamfutarsa ko wayarsa, kai kuma ba ka ga an canza komai ba. Buɗe wurin, duk na'urar da ba ka gane ba ka taɓa ta ka danna Log out. A mayar da wannan dubawar al'ada, ko sau ɗaya a wata.

A ƙarƙashin Privacy akwai saituna da yawa, amma ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba. Profile photo da About a mayar da su My contacts, domin da hoton fuska ake buɗe asusun bogi. Groups ma My contacts, don kada kowane baƙo ya jefa ka zauren "zuba jari" ko na batsa inda ɗaruruwan mutane za su ga lambarka. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, kuma a zaure na yau da kullum kowa yana ganin lambar kowa. A Calls akwai Silence unknown callers, wanda mata musamman za su ji daɗinsa. Status kuwa yana tafiya ne ga duk wanda kuka ajiye lambar juna, har da mai gyaran famfo da direban da ya taɓa kawo kaya sau ɗaya. Yi amfani da Only share with ka ware mutanen da kake nufi. Last seen da shuɗin maki, wannan ra'ayi ne, ba su da wani babban haɗari.

Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma ajiyar da ake yi a Google Drive ko iCloud ba ta samun wannan kullin sai ka kunna da kanka: Chats, sai Chat backup, sai End-to-end encrypted backup. Za ka zaɓi kalmar sirri ko makulli mai haruffa da lambobi 64. Rubuta a takarda, domin idan ya ɓata kamfanin ma ba zai iya buɗe maka ba.

A kula da abubuwa uku da ke sa mutane sakin jiki. View once yana hana sikirinshot, amma bai hana a ɗauki allon da wata wayar ba. Disappearing messages, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, yana share hira ne kawai, ba ya bin abin da aka riga aka kwafa ko aka tura gaba. Delete for everyone yana aiki cikin kamar kwana biyu, kuma bai da iko a kan wanda ya riga ya gani ya adana. Dukkansu suna rage tarkace, babu wanda ke mayar da maganar da ta fita. Magana zarar bunu ce, hoto ma haka.

GBWhatsApp da danginsa kuma a cire su daga waya. Ba kamfanin ne ya yi su ba, babu wanda ya san inda saƙonninka ke bi, kuma ana rufe lambobin masu amfani da su. Ganin saƙon da aka goge bai kai wannan farashin ba.

Facebook, TikTok da Instagram

A Facebook hanya mafi gajarta ita ce Settings & privacy, sai Privacy Checkup, ka bi shi daki-daki. Ranar haihuwa, lambar waya, imel da garin da kake zaune, a mayar da su Only me. Jerin abokai ma haka. Masu kwaikwayon shafi suna ɗaukar hotonka da sunanka su buɗe sabo, sannan su bi jerin abokanka suna aika buƙatar abota. Idan ba su ga jerin ba, sana'ar ta tsaya. Limit past posts yana mayar da duk tsofaffin rubuce-rubucen da ka yi a bainar jama'a zuwa na abokai kawai da dannawa ɗaya, abin da zai amfani duk wanda ya buɗe shafi yana ɗan sakandare. A Profile and tagging ka kunna dubawa kafin hoton da aka maƙala sunanka ya hau shafinka. Ka kuma taƙaita masu iya nemo ka da lambar waya. A watan Afrilun 2021 an baza bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet, har da lambobin waya, kuma Najeriya na ciki. Don haka idan baƙo ya kira ka da cikakken sunanka, wannan ba shaidar cewa ya san ka ba ce.

A Accounts Centre, ƙarƙashin Password and security, ka kunna Two-factor authentication, ka kwafi lambobin ko-ta-kwana da za a ba ka, ka duba Where you're logged in ka fitar da tsofaffin wayoyi da kwamfutar shagon intanet da ka taɓa shiga. Kalmar sirri kuwa kowane shafi da tasa. Kalmomi huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna, haɗe da lamba, sun fi sunan ɗa da shekarar haihuwarsa ƙarfi nesa ba kusa ba.

A TikTok, wanda ba sana'a yake yi da shi ba ya mayar da shi Private account. Wanda yake son jama'a su gani, ya kashe Downloads, ya taƙaita Duet da Stitch, domin da su ake ɗauko bidiyon yarinya a haɗa da wata magana a mayar da ita abin dariya. A kashe Suggest your account to others da Sync contacts idan ba a son duk mai lambarka ya ci karo da shafin. Ƙa'idar waɗannan dandali shekara 13 ce mafi ƙaranci. Iyayen da suka buɗe wa yaro shafi da shekarun ƙarya sun cire masa kariyar da ake sa wa yara kai tsaye. A Instagram, Close friends shi ne wurin hotunan gida.

Abin da hoto ke faɗa ba da saninka ba

Murna ce ke sa mutane tallata takardunsu. An samu biza, an ci JAMB, takardar kiran bautar ƙasa ta fito, an karɓi fasfo za a tafi aikin Hajji, sai a ɗauka a ɗora da "Alhamdulillah". A kan waɗannan takardu akwai cikakken suna, ranar haihuwa, lambar rajista da hoto, wato duk abin da mai damfara ke buƙata ya yi shigar burtu da sunanka, ko ya kira ka ya ce daga ofishin yake. NIN da BVN lambobi 11 ne kowannensu, kuma ba kamar kalmar sirri ba ne da za ka canza gobe idan sun fita. Tikitin shiga jirgi ma haka: ko ka rufe sunan, zanen layi-layi ko tambarin QR da ke jiki yana ɗauke da sunan da lambar bukin, kuma kowace waya tana iya karanta shi. A yi godiya ga Allah da rubutu, a bar takardar a aljihu.

Rasit na tura kuɗi yana nuna sunaye biyu da lambar akawun, wani lokaci har da ragowar kuɗi. Ga kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: a OPay da PalmPay lambar akawun ita ce lambar waya ba tare da sifilin farko ba. Wadda ta rubuta akawun ɗinta a ƙarƙashin wani rubutun rabon kyauta ta ba duniya lambar wayarta, kuma duk wanda ya sa lambar a manhajar banki zai ga cikakken sunanta.

Idan dole ne a tura takarda, a yanke ɓangaren da ba a buƙata gaba ɗaya. In ba zai yanku ba, a rufe shi da baƙin tambari mai kauri, ba da alƙalamin haskaka rubutu ba, domin wannan ana ƙara hasken hoto a karanta abin da ke ƙarƙashinsa. Bayan an rufe, a ɗauki sikirinshot a tura shi maimakon na asali.

Kyamara kuma tana iya rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. WhatsApp yana cire wannan idan an tura a matsayin hoto, amma idan an tura a matsayin Document don kada ya dushe, komai yana tafiya yadda yake. Shiga saitin kyamara ka kashe Location. Sai dai ido ya fi wannan saurin gano wuri: lambar mota, kalar get, allon shagon da ke kallon gida, bajen makaranta a rigar yaro. Hoton yara da yunifom a ƙofar gida da ƙarfe bakwai na safe ya gaya wa mai mugun nufi makaranta da lokaci da hanya. A wannan zamani na garkuwa da mutane, sanar da tafiya kafin a yi ta ganganci ne, haka baje kolin lefe akwati-akwati da gwala-gwalai, haka hoton kuɗin da aka sayar da amfanin gona. A ɗora hoton tafiya bayan an dawo. Live location na WhatsApp, mai minti 15 ko awa 1 ko awa 8, a tura wa mutum ɗaya da ke jiran isowarka, ban da guruf.

Sirrin da ba naka ba

Rabin abin da ke cikin wayarka na wasu ne. Hotunan kamu da na wankan amarya da aka ɗauka a cikin mata, inda kowa ta saki mayafi don ta san babu maza, ba na Status ba ne sai da izinin waɗanda ke ciki. Haka majinyaci a gadon asibiti, haka gawa, haka waɗanda suka yi haɗari a hanya. Iyalai da dama sun fara jin rasuwar ɗansu ne ta hoton da wani mai wucewa ya ɗora. A jira dangi su sanar.

Masu neman taimako domin marayu ko marasa lafiya, niyyarsu mai kyau ce, amma fuskar yaro da sunansa da cutarsa za su zauna a intanet har ya girma ya nemi aure. Ana iya rufe fuska, a ba masu son tabbatarwa lambar wani amintacce. Mai ba da sadaka da kyamara a hannu kuwa, ya tambayi kansa ko zai yarda a ɗauki mahaifiyarsa a haka.

Sikirinshot na hira da tura muryar da aka yi maka kai kaɗai cin amana ne, ko da kai ke da gaskiya a rigimar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada kuma ka ba da lambar wani, ko ka sa shi a guruf, ba ka tambaye shi ba. Admin yana da nasa nauyin: ya kunna Approve new members, ya sabunta link ɗin gayyata idan ya fita waje, ya kuma goge abin da bai dace ba, tunda yana da ikon goge saƙon kowa.

Wayar da za ta je gyara a cire mata sim da memori, a kwashe hotunan iyali. Canza gilashi ko wurin caji ba ya buƙatar a ba da lambar buɗewa, ana iya gwadawa a gabanka. Wasu wayoyin Samsung suna da Maintenance mode da ke ɓoye komai. Wadda za a sayar kuma a fitar da asusun Google tukuna, sannan a yi Factory reset. Manhajojin bashi da ke neman izinin shiga Contacts, lambobin mutanenka suke kwasa don su tozarta ka a wurinsu ranar da ka makara. A 2023 Google ya hana irinsu da ke Play Store taɓa lambobi da hotuna, amma wadda aka sauke ta link ba ta san da wannan doka ba.

Saƙon da aka ce ka tura wa kowa

A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu suka kwanta asibiti, kuma masoya ne suka tura wa masoyansu. A rikicin Filato na Yunin 2018, binciken BBC ya gano cewa wani bidiyon kisa da aka yi ta yaɗawa a Facebook a matsayin na jihar, a Kongo-Brazabil aka ɗauke shi tun 2012, 'yan sanda kuma suka ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, kuma binciken yau bai fi minti biyu ba.

Duba saman saƙon. Kibiya biyu da rubutun Forwarded many times na nufin ya ratsa hannu aƙalla biyar, wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Nemi rana da wuri da sunan mai magana. Muryar da ta fara da "jama'a ga abin da ke faruwa yanzu-yanzu" ba ta faɗi gari ko rana ba, tana iya shekara uku tana yawo. Hoto kuma a sa shi a Google Lens a ga inda ya taɓa fitowa da shekarar. Idan bidiyo ne, a tsayar da shi a ɗauki sikirinshot a bincika wannan. Babban labari, kamar rasuwar sananne ko sabuwar doka, idan awa biyu ta wuce babu shi a BBC Hausa ko Aminiya ko gidan rediyon jiharku, a dakata. Shafukan Dubawa da Africa Check aikinsu ke nan, tantance irin waɗannan. Yanzu kuma da ake ƙirƙirar murya da fuskar malamai da shugabanni da kwamfuta, a nemi maganar a shafin mutumin na ainihi kafin a yarda.

Link na "tallafin gwamnati" ko "data kyauta" da ya ce sai ka tura wa guruf biyar kafin ka karɓa, tarko ne kai tsaye. Shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa.

"Na tura ne yadda aka turo min" ba kariya ba ce mai ƙarfi. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da ya kai shekara 3 ga mai aika batsa, ko ƙaryar da ya san ƙarya ce don tada zaune tsaye. Ɓata suna kuma yana da nasa hukuncin: a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu kan ɓata sunan gwamnan lokacin. A Nijar, dokar laifukan intanet ta 2019 ce ke aiki, kuma a 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri a cikinta. Idan ka riga ka tura abu ya zama ƙarya, gogewa kawai ba ta isa ba, ka koma wuraren da ka tura ka faɗa.

Idan aikin gama ya gama

An ƙwace WhatsApp: buɗe manhajar, sa lambarka, karɓi sabuwar lamba shida ta SMS ka shigar. Shigarwar kaɗai tana fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa nasa PIN, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Idan kira ba ya shigo maka, danna ##002# don soke duk wata karkatar da kira da aka yaudare ka ka kunna. Kafin nan, kira mutum biyu ko uku su sanar a gurufanku cewa kada a tura kuɗi. Na Facebook kuma a bi ta facebook.com/hacked, zai fi sauƙi daga wayar da aka saba shiga da ita.

An sace waya: jeri yana da muhimmanci. Fara da rufe akawun na banki, ta kiran layin bankin ko lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya. Kowane banki da tasa, a nemi taka tun yau a rubuta kusa da IMEI. Sai kamfanin layi su rufe sim, sai canza kalmar sirrin imel, sai google.com/android/find don kulle wayar ko goge ta, sannan welcome back, wato sake yanko layin, da shaidar NIN, da rahoto ga 'yan sanda.

Ana yi maka barazana da hoton tsiraici: kada a biya, domin wanda aka biya sau ɗaya yana dawowa. Kada kuma a goge hirar saboda kunya. A ɗauki sikirinshot na saƙonnin, da lambarsa, da sunan shafinsa, da akawun da ya ce a tura kuɗi, sannan a kai ƙararsa ta Report a toshe shi. A gaya wa babba ɗaya da aka amince da shi. Wanda ya kai shekara 18 lokacin da aka ɗauki hoton ya shiga StopNCII.org, na ƙasa da haka kuma Take It Down. Dukkansu ba sa karɓar hoton kansa. Wani tambarin lambobi ake cirowa daga hoton a cikin wayarka, a raba wa Facebook da Instagram da TikTok don su tare shi idan an zo ɗorawa. Wannan ba ya shiga cikin hirar WhatsApp, saboda haka sai an haɗa da hukuma: rundunar 'yan sandan Najeriya tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, ana kuma iya farawa daga hedikwatar 'yan sandan jiha. Idan kamfani ne ko makaranta ko manhajar bashi ta fitar da bayananka, ƙorafin na Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa ne, NDPC, wadda dokar Yunin 2023 ta kafa. A tafi da shaidun a buge a takarda, kowanne da ranarsa da lokacinsa a jiki, a kuma bar kwafi ɗaya a gida.